Fitilar Birki ta Hagu

Jersey, 9 ga Maris

Auta,

Gaisuwa da fatan ka koma bakin aikinka a Koriya lafiya. Ya ƙarin haƙurin Baba? Mu nan lafiya lau, in ban da murar da Neva ta kwaso a wajen jana'iza. Ta warke, har ta koma makaranta tana ba 'yan ajinsu labarin kawunta soja.

Ka ga takarda da biro kamar zamanin da kake sabon kurtu? Lauya ce ta ce kada in kuskura in yi maganar nan a waya. I, ina da lauya yanzu. Nemi wuri ka zauna.

Ranar Lahadi, bayan ka hau jirgi, na loda kayan Baba muka baro Carolina. A but ɗin mota akwai gwangwanin biskit ɗin nan, da bindigar Baba a ciki, wadda ka naɗe a safa ka ce in ajiye maka har ka dawo. Awa tara muna tafiya. Saura minti goma mu shiga gida, wajen ƙarfe huɗu na yamma, ɗan sanda ya tsayar da ni. Fitilar birki ta hagu ta mutu. Laifin ke nan duka. Yaro ne mai ladabi, har ya yi wa Neva wasa. Ya miƙo mini lasisina ya ce in gyara in na samu sarari.

Ka san karatun da Baba ya yi mana tun ƙafarmu ba ta kai totur ba. Hannu biyu a kan sitiyari, ka ce yallaɓai, in kuma akwai bindiga a mota ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka. Ni kuwa na manta da gwangwanin sam. Sai da lasisi ya dawo hannuna na tuna, na ji kamar na yi wa yaron ƙarya. Na ce, "Yallaɓai, akwai bindigar babana a but. Jana'izarsa muka je."

Ya tsaya yana kallona. Can ya ce, "Haba baiwar Allah, me ya sa kika faɗa mini?" Ya nuna mini 'yar kyamarar da ke maƙale a ƙirjinsa. Ya sa mini ankwa yana ba ni haƙuri, Neva tana leƙowa ta taga.

Kwana biyu na yi a ciki kafin a ba da belina. Maƙwabciyata Misis Alvarado ce ta riƙe yarinyar.

A gida Carolina bindiga a mota ba abin magana ba ne, ko Fasto yana da tasa. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a jihar nan ban san cewa a nan, in ba ka da takardarsu, shekara uku da rabi ce a gidan yari ba. Lauya ta ce dokar ta ɗaure hannun alƙali, ko kwana ɗaya ba zai iya ragewa ba.

Na ce musu ta Baba ce. Ban ambaci sunanka ba.

Kada ka tambaye ni yadda nake ji, don ba na jin komai. Ina dafa abinci, ina ci, ina wanke kwano.

Yayarka,
Odessa

*

Koriya, 2 ga Afrilu

Yaya Dessa,

Na samu wasiƙarki, na karanta ta sau uku a tsaye. Ya jikin Neva? Ni lafiyata ƙalau, sai dai gwiwar nan da ke yi mini tsiya in gari ya yi sanyi, da kabejin mutanen nan mai yaji da ya hana cikina zaman lafiya.

Kai, Yaya! Duk duniya ke kaɗai ce za a miƙa wa lasisi a ce je ki, ki ce a'a, dawo ka kama ni. Wallahi Baba yana can yana taƙama da ke, ni kuma a nan ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Amma ki kwantar da hankalinki. Tsoratarwa ce irin ta lauyoyi. Wa zai ɗaure matar da ta shekara goma tana wanke tsofaffin mutane, wadda ko tarar ajiye mota ba a taɓa cin ta ba? Akwai wani kofur a ƙarƙashina, Delgado, an kama shi da bindigarsa a wannan jihar taku bara, cike da harsashi ma. Ya shiga kotu da kakinsa, aka ce ya je a yi masa nasiha wata shida, magana ta mutu. Yanzu haka ga shi can yana goge takalmi. In an saki Delgado, wanda ko uwarsa ba ta yarda da shi ba, ke fa?

Ki kai wa lauyar takardar jana'izar Baba mai hotonsa, da wasiƙa daga Fasto. Za ki ce na gaya miki.

Saura mini wata goma sha huɗu in cika shekara ashirin a aikin soja, in ajiye kakin nan in dawo gida gaba ɗaya. In na dawo ni zan soya miki kifi a bayan gidan Baba, ki zauna ki miƙe ƙafa. Na aiko wa Neva rigar sanyi mai damisa a baya. In ta yi mata yawa za ta girma a ciki.

Na gode da ba ki ambace ni ba.

Autanki,
Linwood

*

Jersey, 6 ga Mayu

Saje,

Muna lafiya. Riga ta iso, ta yi mata yawa, amma ta ƙi cirewa ko da rana ta take. Ka riƙa shafa wa gwiwar man zafi.

Gidan tsofaffi sun dakatar da ni har sai an gama shari'a. Ina tashi ƙarfe biyar kamar kullum, in sa kayan aiki, sai in tuna. Na wanke labulen gidan nan sau biyu.

Na kai takardar jana'iza da wasiƙar Fasto. Lauyata, Misis Petrakis, ta karɓa ta sa a fayil, ta cire tabarau ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro ƙirga. Alƙali ba shi da ta cewa. Mutum ɗaya ne ke da mabuɗin ƙofar sassauci, shi ne mai gabatar da ƙara, kuma ya riga ya ce a'a a kaina. Na ce, "To wa yake buɗe wa?" Ta ce, "Zo kotu ranar Talata ki gani."

Na je. Aka kira wani saurayi mai aski irin naka, laifinsa irin nawa sak. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya karanto wuraren da aka tura shi yaƙi. Alƙali ya gode masa a madadin ƙasa. Minti bakwai, na duba agogo. Ya fita yana riƙe da hannun matarsa. Ban ji haushinsa ba, ka sani. Na ma yi masa murna, irin murnar da kake yi wa wanda ya samu wurin zama a bas kai kana tsaye. Delgado ɗinka ba hali ne ya fitar da shi ba, Auta, kaki ne.

Ga abin da lauya ta ce in gaya maka. In ka rubuta takardar rantsuwa cewa bindigar gadonka ce, kai ka ba ni ajiya don ba za ka iya hawa jirgi da ita ba, sannan ka zo da kakinka ka tsaya gaban mutumin nan kafin ƙarshen Yuni, tana ganin zai buɗe ƙofar. Ba ta yi alkawari ba. Ta kuma ce in faɗa maka gaskiya, miƙa bindiga ga wanda ke zaune a wata jiha ba tare da takarda ba shi ma laifi ne, kuma manyanka suna iya ji.

Na isar da saƙo. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Nesa ce, ga aiki, ga gwiwa.

Odessa

*

Koriya, 21 ga Yuni

Yaya Dessa,

Ki gafarce ni da jinkiri. Mako uku muna daji wajen atisaye, sai da muka dawo na tarar da wasiƙarki a kan gado. Ina fatan ke da Neva kuna lafiya. Ni dai na rame, amma da sauƙi.

Na je wajen lauyanmu na soja washegari. Ban gaya masa ni ne ba, na ce wani abokina ne. Ya yi murmushi ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya kama bakinsa. Takardar rantsuwa in ta fita ba ta dawowa. Shekara goma sha tara za su iya tafiya a banza." Kwana huɗu ina juya maganar. Kin san ban iya komai ba sai wannan aiki. Tun ina ɗan sha takwas nake cikinsa.

Sai na sake karanta ƙarshen wasiƙarki, inda kika ce ba sai na wahalar da kaina ba. Yaya, kin sauke mini dutse daga ƙirji. Tun muna yara ke ce mai hangen nesa. Na san kin auna kin ga babu amfanin mu nutse mu biyu.

Ga wasiƙar shaida nan na haɗo, a kan takardar rundunarmu mai tambari. Na faɗi irin halinki, da yadda kika riƙe ni bayan rasuwar Mama. Ban taɓo maganar gwangwani ba. Ina ji a jikina tambarin kaɗai zai yi aiki.

Ki ce wa Neva kawu yana gaishe ta.

Linwood

*

Jersey, 15 ga Yuli

Auta,

Muna lafiya. Zafi ake yi.

Wasiƙarka ta iso ran uku ga wata. Na kai wa lauya duk da haka, ta karanta ta ce ta yi kyau, ta sa a fayil kusa da ta Fasto.

An ba ni zaɓi. In amsa laifi in yi uku da rabi, ko in ja a yi shari'a, in na faɗi ya kai goma. Me zan ja? Muryata ce a kyamara ina faɗa da bakina. Na amsa ranar Alhamis. Za a yanke hukunci ran 12 ga Satumba, daga kotu kuma sai ciki.

Neva za ta koma wajen Gwaggo Earline a Carolina. Na gaya mata a kicin tana cin burodin masara. Ta tambaya ko a can ma akwai aji huɗu. Na ce akwai. Ta ce to, ta ci gaba da ci. Ta yi gadon gida.

Ina koya mata kitsa gashinta da kanta, don hannun Gwaggo ya fara rawa. Jiya kuma na je kanti na saya mata takalma ƙafa huɗu, kowanne ya ɗara na baya girma. Na rubuta shekara a ƙasan kowane kwali, tara, goma, sha ɗaya, sha biyu. Mai kantin ta ce, "'Ya'ya huɗu gare ki? Allah ya raya." Na ce amin.

Babu wani labari.

Odessa

*

Koriya, 19 ga Agusta

Yaya,

Ban san ko kina lafiya ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Gwaggo Earline ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta amsa ba. Ta ce, "Kai ne Linwood ɗan Roscoe, ko an canza mana kai a asibiti?" Na ce, "Gwaggo, ai ita ta ce ba sai na zo ba." Sai da na janye wayar daga kunne. Ta ce, "Sakarai, ƙaton banza! Yaushe ka taɓa jin wani a gidanmu ya roƙi abu da baki? Ubanka yana kwance yana mutuwa ya ce kada a kira likita a tashe shi daga cin abinci. Kara ta yi maka, kai kuma ka naɗe ka sa a aljihu. Zumunci a ƙafa yake, ba a takarda mai tambari ba." Ta kashe waya.

Yaya, gaskiyar da ban gaya wa Gwaggo ba ita ce na gane. Tun karatun farko na gane. Na tuna lokacin da kike ba ni naman kwanonki ki ce kin ƙoshi, ni kuma in cinye ina sane. Layin nan na nema a wasiƙarki, da na same shi na kama shi da hannu biyu.

Jiya na yi rantsuwar. Na rubuta komai, safa, gwangwani, da kalmomin da na faɗa miki a ƙofar gidan Baba. Na aika wa Misis Petrakis. An ba ni hutun mako shida. Zan sauka ran 10 ga Satumba da kakina da duk lambobin da suka taɓa maƙala mini. In za su kore ni su kore ni.

Ki jira ni.

Linwood

*

Carolina, 18 ga Satumba

Yaya Dessa,

Ina fatan wannan ta same ki, lauya ce ta ba ni adireshin da lambarki ta fursuna. Ya sanyin wurin? Suna ba ki maganin hawan jininki? Neva lafiya, ta fara makaranta ranar Litinin. Gwaggo tana gaishe ki. Ni har yanzu ba ta yi mini magana, sai dai ta ajiye mini abinci ta wuce.

Kin ji da kunnenki abin da alƙali ya ce, cewa a shekara ashirin da ya yi a kujerar bai taɓa jin kunyar hukunci irin na ranar ba, amma doka ba ta bar masa ko taga ba. Kin kuma ji ya gode mini da hidimar ƙasa kafin ya juya ya ba ki uku da rabi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kin wuce ta gabana ba ki kalle ni ba, kuma ban ga laifinki ba.

Akwai abin da ba ki gani ba. Na yi niyyar in ɓoye, amma na gaji da ɓoye miki abu.

Da aka fita da ke, mai gabatar da ƙara ya same ni a baranda. Ya kama hannuna da nasa biyu. Ya ce ƙanensa ma soja ne. Ya ce, "Saje, da takardar nan ta zo a Yuni, da wata maganar ake yi. Yanzu ta amsa laifi, bakin alƙalami ya bushe." Sai ya rage murya ya ce, "Kai kuma kada ka damu. Ba inda zan tura ta. Ba ma yi wa namu haka."

Kin ji, Yaya? Ba abin da zai same ni. Tun farko ma ba abin da zai same ni. Na sayar da ke don tsoron abin da babu shi.

Washegari na ɗauki Neva da kwalayen takalmanta a motarki muka kama hanyar gida. Ban cire kaki ba, don ban zo da wasu kayan kirki ba. Ko minti ashirin ba mu yi ba aka tsayar da mu. Neva ta ɗora hannayenta biyu a kan kujerar gaba, ba wanda ya ce ta yi. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga lambobin ƙirjina, ko lasisi bai karɓa ba. Ya ce, "Fitilar birkinka ta hagu ta mutu, Saje. Mun gode da hidima. A sauka lafiya."

Muka yi tafiyar awa guda. Can Neva ta ce, "Kawu, kai me ya sa bai tambaye ka komai ba?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Mama ma bai tambaye ta ba."

Ki zage ni, don Allah. Ki rubuto ki zage ni. In kuma za ki iya, wata rana, ki yafe mini.

Autanki,
Linwood

*

Gidan yarin mata, 7 ga Oktoba

Auta,

Lafiyata lau. Suna ba ni maganin. An sa ni a ɗakin wanki, ina ninke zannuwan gado daga safe zuwa ƙarfe uku, aikin da na iya. Wadda muke ɗaki ɗaya tana minshari irin na Baba, har ina samun barci.

A nan ba a ba mu wasiƙa, hotonta ake ɗauka a ba mu, a ƙona ta ainihin. Taka ta fito da duhu a gefe, amma na karanta duka.

Ka ce in zage ka. Na zauna da biro na nemi zagin, ban samu ba. Ka ce in yafe. Shi ma na duba wurin da ya kamata ya kasance, babu komai a wurin, ba fushi ba yafiya. Wataƙila nan gaba ɗaya daga ciki ya zo. In ya zo zan rubuto maka.

Na tambayi lauya inda bindigar Baba take. Ta ce narkar da su ake yi. Don haka ajiyarka ba ta nan, ka yi haƙuri.

Ka koma ka ƙarasa watanninka. Kada ka yi wata bajinta yanzu, ba ta da amfani ga kowa. Wannan ba kara ba ce, yadda na rubuta haka nake nufi.

Ga abubuwan da nake so, kuma da baki nake roƙo, tunda na koyi darasi. Kwalin da aka rubuta tara shi za a fara buɗewa, kada Gwaggo ta ba ta na goma don ya fi kyau. A bar ta ta yi kitsonta da kanta ko da ya karkace. Gwaggo ta ce za ta riƙa kawo mini ita duk wata biyu a motata. Ka san abin da ke kwance a jakar hannun Gwaggo tun muna yara, irin na cikin gwangwanin Baba. Ka zaunar da ita ka gaya mata ta bar shi a gida duk ranar da za ta zo nan, ko za ta zage ka har gobe.

Sai fitilar. Wata shida ina wuce ta a ƙofar gida, na kasa taɓa ta. Gwaggo ce za ta riƙa tuƙa 'yata a motar nan, kuma Gwaggo ba ta da kaki.

Ka gyara ta kafin ka hau jirgi. Ta hagu ce.

Yayarka,
Odessa